Matuƙin da Maazou Bai Ba Hanya Ba

Malam Maazou mai gyaran keke ne a Glenwood, wata unguwa a birnin Greensboro. Ɗaliban jami'a sun san shi da iya aiki, sun kuma san in jirgi ya wuce ta sama sai ya ajiye sifana ya tsaya cak, har ƙarar ta ɓace.

Kafin ya zo Greensboro, shekara goma sha ɗaya ya yi yana aikin rediyon magana da matuƙa a wani ƙaramin filin jirgi a arewacin Nijar. A lokacin wasu ƙasashe biyu maƙwabtan Nijar suna yaƙi. Umarnin da aka ba ma'aikata gajere ne: ba ruwanmu da faɗan kowa, jirgin soja kada ya sauka, kada ya ratsa.

A 2003, da aka fara yaƙin Iraƙi, Alhaji Haidar, wani Bakano direban tasi, ya kawo keken 'yarsa gyara. Ya zauna yana ta yabon ƙasashen da suka hana jiragen yaƙi bi ta samaniyarsu.

"Su ne masu hankali, Malam. Hannunsu ba jini."

Maazou bai ɗago ba. "Alhaji, ni na taɓa gadin irin wannan ƙofar."

Sai ya ba shi labari. Wata Talata da azahar murya ta shigo rediyo, da Faransanci, tana rawa. Matuƙin jirgin soja ne, mansa ya kusa ƙarewa, yana ɗauke da masu rauni. Maazou ya kira shugabansa, aka ce doka doka ce. Sau uku matuƙin ya roƙi izinin sauka, sau uku Maazou ya karanta masa amsar da ke rubuce. A na huɗu matuƙin bai roƙi komai ba, cewa ya yi, "Ɗan'uwa, yaya sunanka?" Maazou ya faɗa masa. Daga nan shiru.

"Jirgin ya faɗi ne?" in ji Haidar.

"Ban sani ba. Ba wanda ya zo cigiya. Da mun bar shi ya sauka, wataƙila abokan gabarsu su yi wa garinmu ruwan bam. Wannan ma na sani."

Haidar ya karɓi keken 'yarsa, bai sake tayar da zancen ba.

Ousseina, matar Maazou, ta ce bayan wannan ranar ko shekara bai ƙara ba a aikin rediyon. Har yau ita ke ɗaga waya a gidan, don ba ya son jin muryar da ba ya ganin mai ita. Duk Juma'a in an idar da salla yakan daɗe yana addu'a. Ta taɓa tambayarsa wa yake yi wa.

"Wani mutum ne," ya ce. "Ban tambayi sunansa ba."