Ina Maruƙan?

Mu huɗu ne ran nan: ni, da 'yata da na zo Dubai yi wa wankan jego, da jaririyarta a bayana, sai mijinta, likitan dabbobi a wata babbar gonar madara can bayan gari. Shi ya ce in zo in ga shanu, don ya lura tun zuwana ba ni da abokin hira sai taga.

Na tsufa ina tatsa a gida, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Saniya za ta shiga da kanta, hannun ƙarfe ya wanke mata hantsa, ya tatse ta, ta fita, wata ta shigo. Ba mai kiran sunanta, ba mai shafa ta.

Ya ce, "Inna, shanun sun yi yawa. Hannu nawa zai tatse su? Inji kuwa ba ya gajiya, kalas, shi ke nan."

Na ce, "Ina maruƙan?" Don a wurinmu sai maraƙi ya fara tsotsa kafin a tara ƙwarya.

Ya sunkuyar da kai, ya ce tun ranar haihuwa ake raba su.

'Yata ma ta sayi ɗan injin tatsar nononta. Hutunta na aiki ya ƙare, bizata kuma saura mako guda.

Washegari bayan asuba na ji injin ya tashi. Na ɗauki jaririyar na shiga ɗakin uwarta, na zare wayar daga bango, na ɗora mata ita a cinya. Na ce, "Ita za ta fara."