Ranar da Baba Garba Ya Rataye Kwalekwale

Har gobe ban manta da ranar da na raka Baba Garba kamun tarwaɗa a rafukan Dibamba ba. Ku yaran yanzu kuna jin ana ce masa Mai Rataya, kuna dariya ba ku san mafari ba. To ku gyara zama, ku ji daga bakin wanda aka yi abin a gabansa.

A lokacin ni ne mai wuta a gidan bandar Hajiya Asabe, nan unguwar New Bell ta Douala. Ga wanda bai san aikin ba, gidan banda hawa-hawa ne. Akwai mai sayowa, wanda ke sammako bakin ruwa ya karɓo ɗanyen kifi daga hannun masunta. Akwai masu gyara, su ke farke ciki, su wanke, su lanƙwasa tarwaɗa su soke ta da tsinke. Sai mai wuta, wanda ke jera kifin a kan waya bisa rabin ganga, ya yi ta shan hayaƙi har kifi ya yi ja, idonsa ma ya yi ja. Hajiya kuwa tana kan kujerarta ta roba, carbi a hannu, ido a kan kowa. Dokarta guda ce: tarwaɗar da ta mutu ta sha rana ba ta hawa wayarta, don narkewa take yi a wuta ta ɓata sunan gida.

Baba Garba mutumin Lagdo ne, can arewa, a tafki ya yi furfura. Ciwon ido ne ya kawo shi Douala wurin 'yarsa Ladidi, wadda ke aure a Kassalafam. Aka yi masa aiki, ido ya buɗe, amma komawa ta gagara. Matarsa ta rasu, jirginsa kuma an sayar wajen neman magani. Sai ya zauna gidan surukinsa Bala, ɗan bensikin, wato mai haya da babur. Gidan kuwa ciki da falo ne, Baba a falo. Bala mutum ne mai kunya. Ba ya iya tsallake tabarmar surukinsa ya shiga ɗakin matarsa, ba ya iya kai loma baki a gabansa. Sai ya koma cin abinci a bakin titi, yana kwana a kan benci a bakin shagon wani abokinsa tela, yana cewa aiki ne ya yi masa yawa. Unguwa ta sani, Ladidi ta sani, Baba ma ya sani, ba mai cewa uffan. Abin yana cin tsohon nan ƙwarai, har ya fara ramewa.

Da farkon damina, in har za a ce Douala tana da lokacin da ba damina ba, sai ga shi ya yi sallama gidan banda. Ya gaisa da Hajiya, ya dubi kifin da ke cikin baho, ya taɓe baki.

"Hajiya, wannan ne ake kawo miki da sunan tarwaɗa? A wurinmu ai da irin wannan muke ɗana ƙugiya."

Ya bayyana mata cewa in ruwan farko ya sauka, tarwaɗa takan bar babban kogi ta hau ƙananan rafuka garke-garke don ta zuba ƙwai, kuma wanda ya san inda zai tare ta ba ya dawowa hannu rabbana. Hajiya ta san halin da yake ciki, amma ita ba ta haɗa tausayi da sana'a.

"To Baba, gwaji ɗaya. In ka kawo mini mai rai, aikinka ne, ɗakin nan na bayan rumfar itace ma na ba ka. In kuwa ba haka ba, sai mu ci gaba da gaisawa." Ta juyo gare ni. "Sule, ka bi shi, kai ka iya Faransanci."

Faransanci na iya, ruwa ne ban iya ba. Mu Hausawan New Bell tun kakanni muna zaune a bakin teku, amma a kan waya muka san kifi. Mu saya, mu gasa, mu sayar, mu yi wa mai saye bayanin inda aka kamo shi kamar muna wurin. Ni dai nakan ga taɓo a ƙarƙashin gadar Wouri wani lokaci, wani lokaci kuma in ga ruwa, na ɗauka batun ruwan sama ne.

Da sassafe muka hau mota muka wuce Logbaba har bakin Dibamba, wurin Mama Ndome. Ita ce mai kwalekwalen da ke ba Hajiya kifi, mace ce ƙaƙƙarfa mai murya kamar lasifikar masallaci. Ta ba mu aron kwalekwale ɗaya. Da ta ji rafin da Baba yake nufi, sai ta ɗaga yatsa.

"Papa, atansiyon, la marée!" Ta yi dogon bayani tana nuna ruwa tana nuna rana.

Na ce, "Baba, ta ce ruwan nan tafiya yake yi. Yau da rana zai tafi, sai yamma ya dawo."

Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ina za shi? Kasuwa? Gaya mata tun ba a haife ta ba nake cikin ruwa. Ruwa yana janyewa, na sani, amma sai an yi girbi an kai gero rumbu. Ba a taɓa yin ruwan da ke fita yawo ya dawo cin tuwon dare ba."

Na juya na ce wa Mama Ndome Baba ya gode ƙwarai. Ta dube ni, ta dube shi, ta ɗaga kafaɗa.

Gaskiya ɗaya ce, tsohon nan ya san aikinsa. Yana kama filafili ya zama wani mutum daban, bayansa ya miƙe. Ni ina tsugune a tsakiya na riƙe gefe biyu ina karanta duk abin da na haddace, shi kuwa yana duban fuskar ruwa yana ce mini, "Ga su can, ka ga kumfa? Hawa suke yi." Muka shiga wani siririn rafi mai duhun itatuwa. Ya gitta raga a bakin wani reshe, ya kafa ta da sanduna. Kafin ya gama ma raga ta fara rawa. Ya ce a ba su lokaci su shiga sosai. Ya ja kwalekwale gindin wata bishiya, ya ɗaure hancinsa tamau a jikin reshe da gajeren igiya, yadda ake yi a tafki don kada iska ta yi ta buga shi. Muka hau wani ɗan tudu, muka ci burodi da sardin na gwangwani, mu da muka zo kamun kifi. Inuwa ta yi daɗi, barci ya kwashe mu.

Muryarsa ce ta tashe ni da azahar. Ya sauka zai yi alwala.

"Sule! Sule! Wa ya kwashe ruwan?"

Na leƙa. Babu rafi. Taɓo ne baƙi ƙirin yana ƙyalli a rana, ƙaguwa suna ta kai da kawo a kai. Kwalekwalen Mama Ndome kuwa yana rataye a bishiya, hanci a sama, gindi a taɓo, kamar ragon layya da za a feɗe. Filafili da baho da takalmana duk sun zame sun nutse. Can gaba ga raga kwance, cike da tarwaɗa suna mutsu-mutsu a cikin zafin rana.

Dariya ta zo mini har wuya, amma da na dubi fuskarsa sai ta koma. Ya zauna a kan saiwa, hannu biyu a ka. Kafin ruwa ya dawo, in ma zai dawo, kifin nan ya mutu ya narke. Na ji ya ce a hankali, ba da ni yake ba, "Yaron nan zai ci gaba da kwana a shagon tela." Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin Hajiya da dokarta.

Ya daɗe yana kallon taɓon. Sai ya miƙa hannu ya ɗebo, ya murza, ya shinshina.

"Sule, wannan ai rani ne."

"Rani kuma, Baba?"

"Rani mana. Garin nan naku komai da gaggawa kuke yi. Damina da safe, rani da azahar. To ruwanku ban san shi ba, amma rani na san shi."

Ya tuɓe riga ya rataye, ya faɗa taɓo har cinya. A arewa, in tafki ya janye ya bar ƙananan kududdufai, masunta da hannu suke kama tarwaɗa, kuma sun san yadda ake ajiye ta da rai. Ya sa ni muka haƙa rami a inuwar saiwoyi, ruwa ya tsattsafo a ciki. Muka yi ta kwaso kifi daga raga muna zubawa, ya rufe da ɗanyen ganye. Daga nan ya shiga lalube a cikin 'yan ramukan da ruwa ya bari, yana zura hannu har kafaɗa yana fito da manya-manya. Ni ma na gwada. Ta farko ta mare ni da jela, ta biyu ta soke ni da ƙaya, na zame na zauna daɓas, taɓo har kunne. Baba ya ce in bari, in tsaya a matsayina na mai wuta.

Abin da ya ba ni haushi, duk wadda ya kamo ya ga cikinta ya kumbura da ƙwai, sai ya mayar da ita kududdufi. Na ce, "Haba Baba, waɗannan ne fa masu nauyi!" Ya ce, "Waɗannan na baɗi ne. In ka cinye uwa da ƙwai, baɗi ka zo ka kama me?"

Da la'asar ta yi sanyi sai ga ruwa yana shigowa a hankali, ba sallama, kamar bai yi komai ba. Na ce mu kwance kwalekwale. Baba ya ce a'a, ruwan da ya rataye shi shi zai sauke shi. Muna cikin haka sai ga Mama Ndome a nata jirgin, ta biyo sawu. Tana ganin kayanta a bishiya ta saki filafili, ta riƙe ciki, ta yi dariya har na ji tsoron za ta kife. Amma da Baba ya yaye ganye ta ga abin da ke cikin rami, kowace da ranta tana motsi, sai dariyar ta tsaya. Ta sa hannu ta taɓa, ta ce in tambaye shi yadda ya yi.

Ba mai taksin da ya yarda ya ɗauke mu. A bayan motar itace muka dawo, kuma labari ya riga mu isa, don Mama Ndome ta buga wa Hajiya waya. Muna sauka masu gyara suka fara, "Sannu da zuwa, Mai Rataya!" Hajiya ta duba bahunan da Mama Ndome ta ara mana ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu matacciya ba. Ta koma kujerarta tana danne murmushi.

"Baba, kifi ya yi. Amma da sharaɗi. Daga yau ba ka shiga ruwa sai ka je ka tambayi Mama Ndome lokaci, abin da ta ce shi za ka bi."

Kowa ya san girman kan tsohon nan, mutumin da matasan Lagdo ke durƙusawa su tambaye shi ruwa. Ya tsaya taɓo na bushewa a gemunsa, yana kallon ƙasa. Can ya ɗago.

"Na yarda, Hajiya. Gara in tambayi matar nan lokacin ruwa da in zauna ina jiran lokacin tuwo a gidan suruki."

Washegari Bala da kansa ya ɗauko tabarmar Baba da butarsa a kan babur, yana ta cewa, "Baba, ai da ka zauna, gidanka ne." Baba yana cewa, "Na sani, ɗana, Allah ya yi maka albarka." Kowannensu yana kallon wani gefe. Ladidi ta share ɗakin bayan rumfar itacen, ta tsaya a bakin ƙofa tana goge ido da gefen mayafi.

Abin da na koya a ranar, wanda nake so ku riƙe, shi ne gwaninta tana da garinsu. In ka kai ta baƙon wuri, sai ta gaida masu gida kafin ta zauna. Amma kada ku ga tsoho ya yi kuskure ku ɗauka hannunsa wofi ne. Na kuma gane cewa yawancin masu zuwa neman aiki a ƙofar nan ba cikinsu kaɗai ya koro su ba, akwai wani nauyi da suke son sauke wa wani, kuma ba za su taɓa faɗa muku ba. Baba Garba bai taɓa ce wa Bala komai ba, Bala ma bai ce masa ba. Mu dai mun ga tela ya mayar da bencinsa ciki, ya fara kulle shagonsa da magariba.