Motar da Ke Ɓoye Ciwonta

Shekara biyar ke nan da aka fita da Yaya Mumuni daga gidanmu na Moshi Zongo a Tamale. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Fita ne, mai gyaran mota, garejinsa na ƙarƙashin wata dalbejiya a hanyar Kaladan. Ni ban yi nisa a makaranta ba. Aikina a lokacin shi ne in kai masa wake da shinkafa da rana, in zauna kan tsohuwar taya har ya gama in ɗauki kwanona. A wannan zaman na ji maganar da ta hana ni sakat a 'yan kwanakin nan.

Wata rana Kwame, mutumin Kumasi mai sayar da kayan gini, ya kawo wata jar mota gajeruwa mai kujera biyu, irin ta gudu, cikinta kamar zai share ƙasa. Na leƙa ban ga wurin taka kuloci ba. Yaya ya ce akwai kuloci, yana ciki, na'ura ce ke taka shi, direba kuwa da yatsa yake canja giya a bayan sitiyari.

"Masta, mota na yana lafiya, mai kawai za ka canja," in ji Kwame.

"Ita ta gaya maka?" in ji Yaya. "To ni ma bari in tambaye ta."

Ya sa ribas, ya hau ɗan tudun da ke bakin gareji da baya a hankali. Motar ta yi 'yar karkarwa. Ya tsaya, ya sake tashi, injin ya yi kuka kafin taya ta motsa. Ya sauko yana shinshina iska, ya ce da ni, "Auta, kin ji?" Na ji, wani ƙauri kamar an manta tukunya a wuta.

A nan ya yi mana bayani. Ya ce a tsohuwar mota ƙafarka ce ke gaya maka kuloci ya cinye. Wannan kuwa, duk abin da ya zaizaye, na'urar sai ta gyara takunta ta rufe, mai mota bai san komai ba, har ranar da za ta ƙi shiga giya a tsakiyar titi. Idan ka yi gaggawar canjawa, ka zubar da abu mai sauran rai. Idan ka makara, ya ci faifan ƙarfen da yake kamawa, aikin ya zama biyu. Ya aro kwamfutar wani abokinsa ya jona, abin da ta nuna ya dace da abin da ya ji. Ya ce wa Kwame kulocin da saura, amma ya daina rarrafe a bayan yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, cikin cunkoson kasuwa, ya dawo idan damina ta wuce.

Kwame ya dawo yadda aka ce masa. Gaisuwar mutuwa ya tarar.

Yaya ya fi motar nan iya ɓoyewa. Na ga ƙafarsa ta kumbura, ta daina shiga silifas ɗinsa. Na ga yana tsayawa a tsakiyar gaisuwa ya ja numfashi, sai ya yi kamar yana neman sifana. Da na tambaye shi, dariya ya yi ya ce, "Wakenki ne ya yi gishiri." Ranar da ya faɗi a gindin dalbejiya, likita ya ce zuciyar ta daɗe tana wahala, da an zo da wuri da magani ya taimaka. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da Allah ba. Amma 'yarsa Ramatu takan tambaye ni yadda muryarsa take, kuma ban iya kwaikwayonta ba.

Yanzu irin motocin nan sun ƙaru a Tamale, kusan kowane gareji da kwamfutarsa. Na san da Yaya na nan da ya yi murna, don bai taɓa raina na'ura ba. Amma da ya ce a jona, sannan a hau tudu da baya, a kuma shinshina. Ko me zai ce idan ya ga Autarsa da goyo, ga 'yarta Hikima na riƙe da zanenta? Mutanen gida suna ce mini mai tsoro, wai ko tari yaro ya yi sai na ruga asibiti. Na yarda, ina da tsoro.

Mijina, Baban Hikima, yalo-yalo yake ja. Tun bayan Sallah na lura ya daina ɗaura igiyar takalminsa. Idan ya ɗaga Hikima sama, yana sauke ta sai ya zauna, ya ɗauko waya kamar an kira shi, alhali ba ta yi ƙara ba. Na yi masa magana, ya ce gajiya ce, kowane mai iyali da ita yake yawo.

Yaya bai bar gida ba, garejin ma yanzu mai sayar da taya ne a wurin. Abin da ya rage mini nasa shi ne wannan ido da wannan kunne, da sanin cewa mai rufe ciwo shi ake fara dubawa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Yau da safe Baban Hikima ya birkice ɗaki yana neman makullin yalo-yalo.

"Maman Hikima, ba ki ga makullina ba?"

"Na gani. Yana ƙulle a bakin zanena."

"Wane irin wasa ne wannan? Fasinja na jira."

"Su jira. A ƙofar asibiti zan kwance maka."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya dubi ƙafarsa, ya dubi Hikima da ke shan koko a bakin ƙofa. Ya ce, "Ɗauko mayafinki."