Inna Sauke-Hannu da Soson Wankin Mota

Shekara talatin da ɗaya, kullum da ƙarfe bakwai da rabi na safe, nas ɗin ɗakin masu ciwon fata a ƙaramin asibitinmu takan buɗe taga, ta ɗora 'yan ƙarafanta su tafasa, ta yanka dankali biyu ta ajiye a faranti, sannan ta leƙa layi. Kafin ta amsa gaisuwar kowa sai ta ce, "Sauke hannunka." Ko ba da kai take ba, sai ka ji hannunka ya bar fuskarka. Haka sunanta ya ɓace, kowa Inna Sauke-Hannu yake ce mata.

Gwanintarta baƙaƙen ɗigon nan ne da ke fesowa a hanci da haɓa. Tana da aljihun tebur guda na kayan da ta ƙwace daga masu matse fuska: allura, tsinken sakace, madubai, har da filayar wani bakanike, wadda mai shara ta rantse ta gani da idonta.

Ni nawa soso ne. Sana'ata wankin mota, kuma a wurina duk abin da ya yi baƙi datti ne. Da ɗigon suka cika hancin 'yata ta fari, sai na ce mata ƙazama a gaban ƙannenta, na miƙa mata sabon soso. Yarinya ta dirji hanci har ya saɓule. Daga nan ta ce ita da makaranta haihata-haihata, ga jarrabawa saura wata biyu. Uwarta ta tasa ƙeyarmu gaba, ni da ita, sai asibiti, ta zayyana wa Inna komai.

Inna ta dubi hancin, ta dube ni, ta tura min farantin nan. Dankalin ya riga ya yi duhu.

"Wa ya zuba masa datti?"

Na ce babu, ai iska ce. Ta ce to haka hancin yake: maiƙo ne da matacciyar fata suka toshe ƙofar gashi, iska ta taɓa saman ya yi baƙi. Ta sa aka kawo soson ta jefa a aljihun tebur, ta hana dirza da man shafawa mai nauyi, ta ce wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mara ƙarfi ya isa. Sai fatar ta warke tukuna za a fara shafa magani, a yi haƙurin makonni, masu taurin kai ita za ta cire da dafaffen ƙarfenta. Na miƙe zan tafi, ta ce ni ma akwai nawa maganin.

"A gaban ƙannenta ka faɗa. Can za ka je ka janye."

Na janye kuwa, ina gumi kamar wanda ya tura mota. Kunya ta kama ni ranar, kuma ta kamata. Ranar Litinin yarinya ta ɗauki jakarta da kanta, ɗigon ma ba su gama tafiya ba.

Inna, ke ce mai duba hanci ki hango zuciya. Ke kika san cewa abin da ake raina wa girma yakan hana yaro fita ƙofar gida. A makon jiya kika ajiye aiki, kika buɗe aljihun nan kika mayar wa kowa kayansa. Da kika miƙo min sosona sai kika ce, "Na mota ne."

Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu tasowa a aikin, ku yi koyi da ita, kada ku raina ƙaramar cuta ko mai ita. Abin da na tashi ina faɗa ke nan a wurin bankwana, ashe yatsana yana kan hancina ban sani ba. Daga can ƙarshen ɗakin na ji muryar 'yata, wadda yanzu take shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya.

"Baba, sauke hannunka."