Baki Nawa Ke Ci a Albashin Nan?

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe taga ta uku a ofishin bashin gina gida, ta goge gilashin da bakin mayafi, ta ajiye kalkuletar da lambobinta suka koɗe. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Kowa Taga Uku yake ce mata, tana kuma amsawa.

Aikinta a takarda shi ne ta gaya wa mutum abin da zai riƙa biya duk wata. Amma ba ta taɓa kalkuleta sai ta tambaya: "Baki nawa ke ci a albashin nan?" Wani direba ya ce huɗu. "Da tsohuwarka?" Biyar. "Marayun ɗan'uwanka fa?" Ya sunkuyar da kai. Ya tafi da fushi da takardar ƙaramin gida, yau yana cikin abinsa. Abokinsa da ya bi ta taga ta ɗaya, inda ake murmushi, ya samu babba, ya kuma mayar da makulli bayan shekara biyu.

Saura wata huɗu ta yi ritaya manaja ya sanar cewa kwamfuta za ta gaje ta. Hankalinta ya tashi, domin kwamfuta ba ta san mutum na da dangi ba. Ta ce ita za ta rubuta shafin lissafin da kanta. Manaja ya danne dariya: "Bismillah, Hajiya. In ya yi aiki, mu sa shi."

Da yatsa ɗaya ta koya, a hutun rana, daga bidiyon waya. Alamar baka guda da ta buɗe a rubutun shafin ta manta ba ta rufe ba ta ci mata kwana tara. Maigidanta ya ce, "Ke da har yau ni ke kashe miki ƙararrawar waya?" Ta ce ya ci abincinsa.

Ranar gwaji manaja ya zauna, ita tana tsaye. Ya sa kuɗin gida, ya sa shekaru, ya sa albashinsa yana kare allon da kafaɗa. Sai ga akwati na huɗu a allon: baki nawa?

"Wannan kuma fa? Sa ido ne?"

Ya buga sifiri. Shekaranjiya ta gano sifiri a nan yana kashe shafin, ba ta kuma da tabbas gyaran da ta yi zai riƙe. Allon ya yi jim. Sannan jan rubutu ya fito: "Sake ƙirgawa, ranka ya daɗe."

Masinja ya rantse ya ga manaja yana ƙirga yatsu a ƙarƙashin tebur. Manaja ya buga tara. Shafin ya ce gidan ya fi ƙarfinsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya yi aiki. A sa shi."

Ke ce, Taga Uku, mai gaskiyar da ba a gode mata sai an kwana biyu. Ba a taɓa manna hotonki a bango ba. Hoton na masu murmushi ne. Mun gode, a madadin duk wanda ya tafi yana zaginki, ya kwana a ɗakinsa. Jumma'a za ki miƙa makulli, mun kuma san abin da ke cinki: kwamfuta ba ta ganin wanda ya sunkuyar da kai. Wannan ya rage gare ku, masu sauran tagogi. Kafin ku miƙa wa mutum biro, ku tambaye shi baki nawa, ku kuma jira ya gama ƙirgawa.