Matar da Aka Ce Maƙogwaronta Ya Toshe

Daga inda Sarla take dafa shayi a bakin kogin Ganga, tana hangen tabarmar Baba Girdhari mai duba cakra, cibiyoyin nan bakwai na jiki da ake cewa su ke tsara halin mutum. Yau wata siririyar mata ce zaune gabansa cikin koɗaɗɗen zanen sari, ta ja mayafi har haɓa duk da zafin rana. Kaushin ƙafarta ya sa Sarla zaton daga ƙauyukan kan dutse ta gangaro. Mijinta na tsaye, hannunsa danne da kafaɗarta.

"Babaji, ba ta magana," in ji mijin. "Wata uku ke nan, sai ka ce gunki na ajiye a gida."

Tsohon ya kaɗa carbinsa saitin wuyanta. "Cakrar maƙogwaro ce ta toshe. Masu irin wannan hali zurfin ciki gare su. 'Yata, ɗaga kai in gani."

Ta ɗaga. Mayafin ya zame, sai ga shatin yatsu huɗu a wuyanta, sun yi baƙi. Sarla ta gani, ta kuma tabbata Baba ya gani, don carbin ya tsaya cak. Matar ta buɗe baki, ta dubi mijin, ta rufe.

"Ki riƙa sa shuɗin dutsen nan," in ji Baba, idonsa na kan ruwa. "Maƙogwaron zai buɗe."

Mijin ne ya karɓa, ya ɗaura mata a wuya da hannunsa.