Rigar da Goggo Ta Ajiye

Goggona, ƙanwar babanmu, shekara goma sha ɗaya ta yi tana aiki a shagon gyaran gashi na bakin titi, kuma rana ɗaya aka kore ta. Wata matar lauya ce ta zo a murɗa mata gashi. Goggo ta fara, sai mai shagon, wadda kowa ke kira Madam, ta karɓe ƙarfen murɗa gashin mai zafi don ta nuna gwaninta, matar kuwa kanta na sunkuye kan waya. Ƙarfen ya ci gashin har da fatar kunne. Da mijin ya zo yana faɗa, Madam ta nuna Goggo da yatsa.

Daga ranar babu shagon da ya ƙara ɗaukarta. In ta wuce sai a riƙa nuna ta da baki, ga mai ƙone kan mutane. Ta dawo gida da shuɗiyar rigar aikinta, ta ninke ta, ta tura ƙasan akwati.

Ta rantse ita da ƙarfe har abada. Ta riƙa karɓo ƙyallaye wajen telan layinmu tana yanka su tsawon hannu. Sai ta jiƙa gashi sama-sama, ta raba shi kashi-kashi, ta naɗe kowanne a jikin ƙyalle tun daga baki har tushe, ta ɗaure. In ya bushe ta kwance, ta ware da yatsu, ba ta bari mataji ya taɓa shi. A kaina ta koya, kuma na sha ja. Da labari ya kai wa Madam, ta yi dariya ta sa mata suna Mai Tsumma. Sunan ya bi ta, mata ma suka bi ta, amma duk da haka sabuwar zuwa takan kare kunnenta da hannu in Goggo ta matso. Wannan ne ke ci mata rai.

Kada wani ya ce muku Goggo mai haƙuri ce. In an yi mata wa'azin yafiya takan ce, "Ban yafe ba, ajiyewa na yi." Ni ma ban yafe ba, don na ga kukan da ta sha.

Bayan shekara tara, wata Asabar da safe, ɗakin Goggo cike da mata, sai ga Madam da ɗankwali har gira. Zafi ya cinye mata gashi, likita ya hana ta ƙarfe, gashin kanti kuma ƙuraje yake fito mata da su. Washegari ɗanta zai karɓi digiri, za a ɗauki hoto.

"An ce kina yi ba wuta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Da tsumma nake yi, Madam. Za ki iya?"

Ta gyaɗa kai. Goggo ta dube ni ta ce, "'Yata, ɗauko min rigar nan ta ƙasan akwati, da almakashi."

A gabanta ta yayyanka rigar, ba gaggawa. Ta jiƙa kan Madam sharkaf, alhali ita ce kullum ke cewa ruwa kaɗan ya isa. Ta naɗe shi tsaf, ta sa ƙyallen da ke ɗauke da sunan shagon daidai goshi.

"Ciki ba iska," in ji Goggo. "Ga benci a ƙofar gida."

Ƙofarmu titi take kallo. Nan Madam ta wuni, kai kamar shanya, masu zuwa shagonta suna wucewa suna gaishe ta da kyau. Duk bayan awa Goggo takan leƙo, ta taɓa, ta ce da saura. Ni kuwa na kai mata ruwan sha har sau uku, ba don tausayi ba.

Da la'asar ta shigo da ita ta kwance. Gashin nan ɗan kaɗan ya murɗu, ya cika, ya rufe duk inda ya zube. Goggo ba ta ɓata aiki ko don maƙiyi. Madam ta daɗe tana kallon madubi, sannan ta kai hannu jaka.

"Bar jakarki," Goggo ta ce. "Matan nan za ki gaya wa wanda ya riƙe ƙarfe ranar."

Madam ta dubi ƙyallayen shuɗin da ke zube a ƙasa.

"Ni ce," ta ce.

"Ta bakin ƙofa ba ta ji ba," in ji Goggo.

Ta sake faɗa da ƙarfi. Goggo ta tattara ƙyallayen ta zuba mata a jaka.

"Rigarki ce, Madam. Na manta ban mayar ba."

Sannan ta kira ta gaba. Sabuwar zuwa ce, ta zauna, hannayenta biyu a kan cinya.